Taken Baba a Bakin Iro

Zuwa ga Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin naki, ya Alhaji da yara, ya zaman Fatakwal? Mu nan lafiya, sai abu ɗaya da ya hana ni sukuni.

Ranar Asabar da la'asar masu gurmi da kukuma suka yi wasa a wani ɗakin taro nan Dutsin-Ma, na leƙa. Cikinsu har da Iro mai gurmi na Kurfi, abokin Baba. Ya dawo daga Maraɗi, ido ya tafi, ba ya gani. Can sai ya saki taken da yake kaɗa wa Baba a gayyar noma, ya ɗaga murya: "Ina Sale na Tamawa? In kana nan, amsa!"

Ashe ba wanda ya kai masa labarin rasuwar Baba. Ban san sanda na miƙe na ce "Ga ni!" ba, kin kuwa san muryarmu ɗaya da Baba. Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Ja'iri, kana nan ka ƙi zuwa gaishe ni!" Ana tafi na sulale.

Tun ranar taken nan ke bi na har cikin salla. Na rasa gane alheri na yi masa ko zalunci. Jiya ya aiko wai abokinsa ya zo su yi hira. Gobe zan je Kurfi, amma ban san da muryar wa zan yi sallama ba.

Ki sa ni a addu'a, ki sa Baba. A gaida Alhaji da su Ummi.

Ƙaninki,
Lawal