Baitin da Aka Cire

Litinin, 4 ga Maris

Waƙar ta fita yau. Ina wanke kwanuka na ji ta a rediyo, muryar mawaƙiya Clémence ta cika kicin. "Ruwa ɗaya ke dukanmu." Ni na rubuta, amma sai na ji kamar ta wani ce.

Yemma, mahaifiyarmu, ta ajiye wuƙar da take yanka albasa. "Ke ce wannan, Nassima?" Na ce rubutuna ne, muryar ta wata ce. Ta ce, "To me ya hana su ba ki ki rera?" Na yi kamar ban ji ba.

Ƙanena Mokrane bai fito daga ɗaki ba.

Alhamis, 14 ga Maris

Wata huɗu ke nan cif da dukan da aka yi wa Mokrane. Mutum uku, tashar bas, da rana tsaka, mutane na kallo. Gwiwar ƙanena ta dama ba za ta koma yadda take ba, likita ya faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Aikinsa na tuƙin tarago ya tafi. Shekararsa ashirin da bakwai.

A kujerar asibiti na rubuta waƙar. Baiti na uku shi ne ainihinta: tashar, kalmar wariyar launin fatar da suka kira shi da ita, matar da ta juya baya tana duba wayarta. Thibault na kamfanin waƙa ya cire shi tun a Janairu. "Yana da ƙarfi, Nassima, wallahi har tsikar jikina ta tashi. Amma mutane na karyawa da safe suke jin rediyo." Na yarda. Ni na yarda, ba wanda ya sa min wuƙa a wuya.

Asabar, 23 ga Maris

Ko'ina ita ce. A gidan burodi, a motar maƙwabci, yaran makaranta ma an koya musu.

Na shiga babban kanti sayen garin kuskus, tana tashi daga lasifika, mai gadi kuma yana bina layi-layi. A bakin ƙofa ya ce in buɗe jaka. Yana lalube yana bin amshin da bakinsa. Muryarsa ma ba laifi.

Laraba, 3 ga Afrilu

Na roƙi Mokrane ya saurari waƙar sau ɗaya. Ya saurara har ƙarshe, ido a rufe.

"Tana da daɗi," in ji shi. "Za ta yi kyau a tallan sabulu."

Na ce kada ya yi min haka.

"Ina nake a ciki, Nassi? Na ji ruwan sama, na ji hannu cikin hannu. Ni hannun da na gani sanda ya riƙe."

Na shige banɗaki na buɗe famfo don kada Yemma ta ji.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Hawa huɗu, babu lif. Yau minti ashirin Mokrane ya ɗauka kafin ya sauka, ya zauna a matakala sau biyu yana zufa. Dole mu samu gida a ƙasa.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Kotu.

Biyu daga cikinsu ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka, na ukun an sallame shi, wai ba a ga fuskarsa sosai ba. Batun kalmar da suka faɗa, alƙali ya ce babu shaida. Mutum goma sha ɗaya a tashar nan, ba wanda ya ji komai.

Sun aske gemu, sun sa farar riga. Ɗaya yana da uwa mai kama da malamar da ta koya min karatu a firamare. A baranda ta tare ni, ta kama hannuna, idonta jawur. "Ɗana ba haka yake ba, Madam. Abokinsa na ƙwallo ma Balarabe ne." Na tsaya kamar gunki ina jin ɗumin tafinta.

A hanyar gida Yemma ta ce, "Babanku shekara talatin ya yi a masana'antar garin nan, bai taɓa taka kotu ba. Gara da bai ga yau ba." Mokrane yana kallon taga. Bai ci abinci ba.

Talata, 7 ga Mayu

Thibault ya kira, murya sama. Za a karrama waƙar a Paris, gidan talabijin na son Clémence ta rera, Mokrane yana zaune a gefenta. "Da sandunan dogarawar nan nasa, in ba damuwa. Hoton zai taɓa zuciya."

Na faɗa wa Mokrane don kada ya ji a bakin wani. Ya yi dariya har da tari, rabon da in ji dariyarsa tun bara. "Ki ce musu sandunan za su zo, ni ina da uzuri."

Ni ma na ce ba zan je ba. Clémence ta turo saƙo mai tsawo, da 'yan hotunan zuciya. Ba muguwa ba ce. Da ma muguwa ce, da na samu wanda zan tsana.

Litinin, 13 ga Mayu

Dillalan gidaje bakwai na kira cikin kwana goma. Hira na tafiya lafiya lau har a zo kan suna. In ce Haddouche, sunan gidanmu. Daga nan sai "Ayya, yanzun nan aka kama shi." Gidan da ke kusa da asibiti, wanda aka ce min an kama tun ranar Talata, har yau hotonsa na manne a gilashinsu.

Na zauna da biro zan rubuta wani abu. Ba abin da ya zo. Ba na jin akwai sauran waƙa a cikina, kuma ban ma damu ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na sake kiran na kusa da asibitin. Matar ba ta gane muryata ba. Ta tambayi suna, na ji bakina ya ce Lambert, sunan Turawa. Ban shirya ba, haka kawai ya fito, sumul.

"Yana nan, Madam Lambert! Ɗaki uku, ƙasa, har da ɗan lambu. Litinin ƙarfe goma ya yi miki?"

Na ce ya yi. Har godiya na yi mata, da wata murya mai laushi da ban san ina da ita ba.

Ban san me zan yi ranar Litinin ba in ta ga fuskata, ko in aka zo kan takardu. Ban faɗa wa Yemma ba.

Ba wani abu ba ne. Waya ce kawai.

Na gwada sa hannu da sunan Lambert a bayan ambulan, sau biyu. Don in gani ne kawai.