Tallafin da Aka Cire wa Wayar Baba

Limawa, Minna,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Yayana Zakiyyu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Rumasa'u da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a aiki, ya tsare ku da ruwan saman Fatakwal da ba ya gajiya da zuba. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai gajiya. Ni har yanzu ina nan da zirga-zirgar koyarwa a makarantar Beji, in fita da sassafe in dawo la'asar jikina kamar an daka. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, ta fara sallah a tsaye. Mai gidana yana nan lafiya, Nusaiba kuma ta shiga aji huɗu, bakinta ya ƙara tsawo.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni, alhali ranar Juma'a muka yi waya. To, Yaya, abin da na kira in faɗa maka ke nan ranar, na kasa. Ka san Inna, da ta ji ina magana da kai sai ta jawo kujera ta zauna kusa, ta kama tsince shinkafar da ta riga ta tsince. Ba za ta karɓi wayar ba, ba za ta ambaci sunanka ba, alkunyar ɗan fari tana nan yadda ka bar ta, amma kunnenta ba ya barin ko kalma ɗaya ta wuce. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba Abdulbasit direba ya kawo maka hannu da hannu.

Maganar wayar Baba ce, wadda ka aiko masa shekara takwas da suka wuce. Tun da Allah ya yi masa rasuwa bara, Inna ta riƙe ta. Ba kira take yi da ita ba, tana da ƙaramarta mai maɓalli. Abin da ba ka sani ba shi ne, kullum da safe in ta idar da lazimi, sai ta ɗauko ta daga ƙarƙashin filo, ta shiga manhajar da kuke aika wa juna saƙon murya, ta nemo hotonka, ta ja da yatsa har ta kai wurin da ta haddace, ta danna. Matar da ba ta karanta boko ko harafi ɗaya, amma ba ta taɓa ɓata hanya ba. Saƙo ɗaya take ji. Na ranar da Baba ya aika maka bayanin yadda za ka gyara keken ɗinkin Anti, ya gama magana ya manta bai ɗage yatsansa ba. Ana jin sa yana lalube a kan benci, sai ya ɗaga murya ya kira ta, Mubina, yana tambayar inda ta kai masa tabarau. Ana jin ta daga madafi tana cewa ya shafa goshinsa, sai dariyarsu su biyu. Yaya, shekara arba'in da huɗu suna tare, ni ban taɓa jin ya kira sunanta ba. Kullum sai dai ya ce ke, ko ya ce masu gida. Ashe in ba kowa yana kira.

Wata biyu da suka wuce wani rubutu ya fara fitowa a saman manhajar, da kwanan wata a jikinsa. Ina makaranta, sai Inna ta kai wa maƙwabciyarmu Maman Purity, wato Magdalina 'yar Zonkwa, ta karanta mata. Ita kuwa baiwar Allah ta fassara mata Turancin kai tsaye, ta ce sun ce daga ranar kaza za su cire wa wannan waya tallafi. Na dawo na tarar da Inna ta yi tagumi. Ta ce min ashe ba man fetur kaɗai ba, har waya ma an cire wa tallafi, wai me talaka ya yi wa gwamnati ne haka. Wallahi na yi dariya har da hawaye, ita kuma ta yi fushi ta ce ai ni komai abin dariya ne a wurina. Na ce mata ba gwamnati ba ce, kamfani ne. Ta ce duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Ranar Asabar na hau Keke Napep na kai wayar Kpakungu, wurin Shekwolo mai gyaran waya, wani dattijon Bagware da ya san Baba tun suna zama a bakin tashar jirgi. Ya juya ta, ya duba, ya ce da irin Hausarsa da komai namiji ne, wayan lafiyansa ƙalau, batir ma bai kumbura ba. Matsalar, in ji shi, masu ƙera ta sun daina aiko mata da sabuntawa tun tuni, su kuma masu manhajar sun ce ba za su ƙara aiki a kan tsohon tsari ba. Na tambaye shi wane ƙarfe za a sauya. Ya ce babu ƙarfen da za a sauya, daga can nesa ake rufe ƙofar. Na tsaya ina kallonsa, sai Baba ya faɗo min a rai. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana gyaran keken ɗinki da risho, wanda agogon da Kaka ya samu a aikin reluwe har yau yana bugawa a ɗakinsa saboda bai yarda abu ya mutu a hannunsa ba. Da yana raye aka ce masa abu lafiyarsa lau amma an yanke masa ranar mutuwa, da ya ce a kawo masa sukudireba ya gani.

Shekwolo ya ce in bar masa wayar kwana biyu ya kwashe saƙonnin. A nan na yi kuskure na farko. Na tuna Inna ba za ta yarda ta wayi gari babu ita ba, sai na ce zan dawo da ita wani satin. Wani satin ya zo da jarrabawar yara, na bayansa Nusaiba ta kwanta da zazzaɓi, na bayansa kuma ni ce ban iya ɗaga kai ba. Kullum ina cewa gobe. Ranar da suka rubuta ta zo ta wuce ban ko lura ba, sai da Inna ta aiko a kira ni da sassafe. Manhajar ta ƙi buɗewa. Fari fat, sai rubutu cewa a sabunta, in an danna kuma a ce wannan waya ba za ta ɗauka ba.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya hana ni barci. Wata abokiyar aikina ta ce ai abu mai sauƙi ne, in goge manhajar in sake sauko da ita, haka ta yi da tata. Ban tsaya tambayar ko tata sabuwa ce ba. Na zauna a zaure na danna gogewa, wani rubutu ya fito yana tambayata, na karanta Turancin sarai amma hankalina yana kan in gama kafin Inna ta fito daga wanka. Na danna. Da na je sauko da ita aka ce babu. Na koma Kpakungu a ranar, Shekwolo ya yi awa biyu yana bincike da kwamfutarsa, ya samo hotunan bikin sunan Nusaiba da na wasu kekunan ɗinki, amma murya ko ɗaya. Bai yi min faɗa ba. Ya miƙo min wayar da hannu biyu, ya ce in yi haƙuri. Yaya, ni na goge muryar Baba da yatsana. Na rubuta maka haka ƙarara domin na gaji da ɗaukar maganar ni kaɗai.

Inna ban gaya mata ba. Na bar ta a kan cewa tallafi aka cire. Har yanzu tana sa wayar a caji duk lokacin da aka kawo wuta, tana goge fuskarta da bakin mayafi, ta mayar ƙarƙashin filo. Da safe takan ɗauko ta danna, ta ga babu, ta ajiye. Ba ta kuka, ba ta ƙorafi, sai dai kokon da take sha ya ragu, kuma ta daina yi wa Nusaiba tsiya. Ni kuwa in na shigo gaishe ta sai in rasa inda zan sa idona.

To ga abin da ya sa na dame ka. Shekwolo ya ce saƙon murya gida biyu yake da shi, wurin wanda ya aika da wurin wanda aka aika wa. Kai aka aika wa. Ban sani ba ko ka sauya waya tun lokacin, ban sani ba ko da ka ji abin da ya biyo bayan bayanin keken, kunya ta sa ka goge. In ka goge ba zan ga laifinka ba, ni ce ta ƙarshe da za ta ga laifin wani. Amma don Allah ka duba. Cikin watan Sha'aban ne na shekarar da ta gabaci rasuwarsa, tsawonsa minti uku da 'yan daƙiƙoƙi, ya fara da cewa ka fara duba bel ɗin keken kafin ka taɓa komai. Kafin ka nemo shi, ko me wayarka ta ce ka danna, kada ka danna. In ka same shi ka turo ta lambar mai gidana. Shekwolo ya ce zai sa shi a katin memori, mu saka mata a 'yar rediyon nan mai cin kati, wadda ba mai aiko mata da saƙo daga ko'ina ya ce ta tsufa.

Jiya ina ninke mata kaya, ta juya min baya tana gyara filo, sai ta yi magana kamar da bango take. Ta ce in na tashi yi wa wancan na bakin teku magana, in tambaye shi ko su can nasu tallafin yana nan. Na ci gaba da ninke kayan. Ashe ta san inda ɗayan saƙon yake tun tuni, Yaya, ta kuma san ba gwamnati za ta dawo mata da shi ba. Bakinta ne ba zai iya roƙonka ba.

Ka gaishe min da Anti Rumasa'u, ka shafa min kan Umar Faruk da ƙannensa. Mai gidana yana gaishe ka, Nusaiba ta ce a tuna maka alkawarin jaka. Maman Purity ma tana gaisuwa, har yau tana ganin fassararta ce ta jawo, na ce mata ba ruwanta. Inna ba ta ce a gaishe ka ba, ka san ba za ta ce ba, amma ita ta sa aka soya gyaɗar da ke cikin ledar nan. Allah ya jiƙan Baba, ya sa kana da saƙon nan.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Barira.