Dalma a Cikin Asusu

Zuwa ga Inna, mahaifiyata,

Bayan sallama da gaisuwar girma, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma ko da kina raye ba zan iya kallon idonki in faɗi wannan ba, don haka bambancin kaɗan ne.

"Ke da bokonki! Yaushe yaro ya yi dukiya? Mi anka yi wanda ba a saba yi ba?" Gwaggo Kulu ke nan, ƙanwar Baba, jiya da hantsi a tsakar gidanmu na Yelwa. Tana juya kifi a kan banda, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ni kuwa ina tsaye da asusun Safiya a hannu.

Safiya jikarki shekararta goma sha biyu yanzu. Na kawo ta dogon hutu don ta san gidan da na fito. Kafin in koma aiki Birnin Kebbi na saya mata asusun ƙasa a kasuwa, na zaunar da ita na yi mata darasi irin namu na malamai. Na ce duk abin da Gwaggo ta ba ta na ladan gyaran kifi ta raba uku, ta ci ɗaya, ta yi sadaka da ɗaya, ta jefa ɗaya a asusu. Agogon hannu take so, wani mai ruwan hoda da ta gani a shago. Mako shida ta yi tana feɗe tarwaɗa da ƙarfasa, har ƙaya ta yi mata zane a yatsu.

Da na zo ɗaukarta sai na lura bakin asusun ya faɗaɗa, gefensa ya goge. Na ɗaga shi wajen haske na leƙa, na ga takarda mai layi-layi. Gwaggo ba ta wahalar da ni da musu ba. Ta ce Yaya Bala ne ya rasa kuɗin man injin jirgi ranar kasuwa, ita kuma ta zaro kuɗin asusun da tsinken tsintsiya ta ba shi, ta cusa takardu don kada ran yarinya ya ɓaci. Za a mayar in Allah Ya hore.

Kin san inda na taɓa jin wannan, Inna.

Ina shekara goma kika saya mini nawa asusun. Lokacin sulalla na da daraja. Shekara guda ina ɗaukar miki tiren kifi daga bakin ruwa zuwa kasuwa, kina sallamata da 'yan canji, ina jefawa. Kowace safiya sai na ɗaga shi na ji nauyi, na girgiza na ji ƙara. Ana jibi salla na fasa shi a gabanki. Dalma ce ta zubo, irin wadda Baba ke ɗaurawa a bakin taru don ya nitse. Sulalla uku kacal na tsinta a ciki, na ranakun ƙarshe.

Kin yi dariya, maƙwabta suka taya ki. Kika ce, "Yayanki namiji ne, shi zai riƙe gida gobe." Sabon taru kika saya masa da kuɗina. Yau shekarun Yaya Bala sun doshi hamsin, kuma har yanzu gidan ne ke riƙe da shi.

Ba kuɗin ne ya tsaya mini a maƙoshi ba, aikin da kika yi ne. Kin zauna da wuƙa kina zaro sulalla ɗaya bayan ɗaya. Kin sami dalma kin bubbuge ta har ta yi faɗin sule, don ta shige ta bakin, don nauyin ya zo daidai. Duk wannan ya fi miki sauƙi a kan ki kira ni ki ce, Larai, ba ni. Da kin tambaya, wallahi da na ba ki, har in yi ta alfahari a makaranta.

Darasi ɗaya kika bayar, ɗalibai biyu suka ɗauka. Yaya Bala ya koyi cewa kuɗi daga hannun mata suke tsirowa, don haka ba sa kwana a aljihunsa. Ni na koyi cewa duk mai cewa kawo in ajiye miki ya riga ya san abin da zai saya. Na je jami'a na karanta tattalin arziki, yau ina koyar da shi da alli. Mijina mutumin kirki ne, shekara goma sha biyar muna tare, bai san albashina ba.

Ban mance sauran ba. Na san waccan shekarar ruwa ya yi rowa, na sha ganin kin ce kin ƙoshi alhali ba ki ci ba. Har yau in na ji ƙamshin banda hannunki nake tunawa, yadda kike shafa kaina da shi. Shi ya sa abin ya ƙi warkewa. Da baƙuwa ce ta yi mini, da tuni na manta.

Jiya shaiɗan ya ba ni shawara mai kyau. Akwai kuɗi a jakata, Safiya tana bakin ruwa. Minti goma sun ishe ni in zare takardun in cusa sababbi. Har na tsinko tsinken, sai na ga hannuna, na ga irin zaman da na yi a kan turmi, na ga ke ce. Na jefar da shi.

Na aika aka kira ta. A gaban Gwaggo da Yaya Bala na gaya mata abin da ya faru, da wanda ya ɗauka, da abin da aka saya. Na ce ta fasa kayanta. Ta fasa. Ta warware takarda ɗaya, ashe daga littafin lissafinta aka yago. Yaya Bala ya ce zai yi mata alheri bayan salla. Gwaggo ta ce ta zama 'yar albarka.

Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini. Na ce zan saya mata agogon a hanya, ta girgiza kai. Ta share ɓaraguzan da kanta, ta zubar, sannan ta ce, "Mama, kada ki sake saya mini wani. Daga yau in an ba ni, a ranar zan kashe."



Na ɗauki jakarta. Gwaggo ta biyo mu da ƙunshin kifi, ta ce tsaraba. Na ce ta ajiye mana. Na sa Safiya a gaba, na jawo ƙyauren zaure har ya rufu, muka nufi tasha.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka makwancinki. Ni ma Ya ba ni ikon yafewa, don har yanzu ban kai ba.

'Yarki,
Larai