Jan Alama Kusa da Sunana

Tanti Zalika, don Allah ki cece ni.

Ni ɗaliba ce, ina karatun ilimin ruwa. Akwai wani logisiyel, wato manhaja, na kyauta da muke hasashen cikar kogi da shi, masana daga ƙasashe da yawa ke gina shi a intanet, kuma kowa na iya sa hannu. Na lura yana tsayawa cak idan akwai ranar da ba a auna ruwa ba. Garkar babana tana bakin kogi a Tondibia, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Na rubuta gyara na tura.

Nan take jan alama ta fito kusa da sunana, duniya na gani. Sai wata Madam Haoua, cikin masu kula da aikin, ta rubuto layi ɗaya tak, ba sallama ba gaisuwa, wai in bayyana abin da nake nufi. Na rufe ordinatar, wato kwamfuta, ban sake buɗe shafin ba. Tsoro nake kada a ce na lalata musu aiki, ga damina ta matso. In ambaliya ta zo ba a sani ba, alhakin a wuyana ne? Har na fara tunanin roƙon kawuna ya rubuta mata ban haƙuri a madadina.

Mai fargaba, daga unguwar Yantala

'Yata, bar kawu ya huta. Na tambayi masu wannan sana'a: ba ki ɓata komai ba. A kwafinki na logisiyel kika yi aiki, ba ya shiga na jama'a sai manya sun duba sun yarda. Jan alamar kuwa na'ura ce ta gwada gyaran ta ce da saura. Su kansu tana fito musu.

Tsoronki tarbiyya ce, ban raina shi ba. Mu an koya mana gaisuwa kafin magana, su kuwa tambaya ce gaisuwarsu. Wanda ya raina aikinki ba ya tambayar me kike nufi.

Inda zan ja miki kunne shi ne shirun. Matar tana jiranki. Buɗe shafin yau, ki ce ke sabuwa ce, ki nuna mata ranar da ba a auna ba da inda logisiyel ya tsaya. Matambayi ba ya ɓata.

Kuskuren da kika gano yana nan daram, kuma kogi ba zai jira kunyarki ta wuce ba. Allah ya ba ki sa'a, ya tsare garkar Baba.