Rasuwar Hajiya Furera, Mai Shafa Murhu da Yatsa

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Mai Kowa Mai Komai, Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Masu Murhun Tsimin Itace ta Ɗanbatta da Kewaye ta sami labarin rasuwar uwarta kuma Shugabar Sashen Mata, Hajiya Furera Hashimu, wadda Allah Ya karɓi abinsa ranar Talata bayan gajeriyar jinya, aka kuma sallace ta a ranar kamar yadda addini ya tanada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jama'a za su tuna cewa ƙasarmu ta yi alkawari a gaban ƙasashen duniya za ta rage hayaƙin da ke ɗumama yanayi, kuma takan kai rahoton inda aka kwana. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wani ɓangare na wancan dogon lissafi daga madafin gidajenmu yake tasowa, domin duk murhun tsimi da aka ce yana aiki, ana ɗaukarsa hayaƙin da aka rage. To, da masu shirin rage hayaƙin suka raba murhunan a ƙauyukanmu, jami'ansu maza ne, iyakarsu zaure. Sai a yi sallama da maigida, bawan Allah da rabonsa da madafi tun yana goye, a tambaye shi ko ana girki da murhun, shi kuwa ya gyara hula ya ce ai ba dare ba rana. A takarda, hayaƙin Ɗanbatta saura ƙiris ya ƙare. A sama kuwa, da magariba ko tsuntsu sai ya yi tari.

Marigayiya Hajiya, wadda ta yi shekaru tana awon hatsi a kasuwa kafin ta shugabanci matanmu, ita ce ta yafa mayafi ta shige cikin gidajen. Can ta tarar da murhunan sun samu sarauta: an goge su, an ɗora bisa kabad tsakanin kwalla da samira, wasu ma an ajiye wa 'yan mata cikin kayan ɗaki, alhali duwatsu uku na tsakar gida suna cin kara kamar jiya. Ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta dai gaisa, ta tambayi yara, ta shafa murhu da yatsa. In yatsan ya fito fes, gidan bai shiga lissafi ba. Da mata suka gano, suka koma shafa wa murhun baƙin tukunya in sun ji sallamarta, sai ta koma zura hannu tana neman ɗumin toka, tana dariya tana cewa ita ma mace ce, kuma ta riga su zuwa kasuwa.

Da adadin gaskiya ya fito, bai kai rabin na baya ba, hankalin mutane da yawa ya tashi, don ana tsoron masu shirin su naɗe tabarmarsu su koma wata ƙaramar hukuma. Hajiya ta tsaya kai da fata cewa a aika shi yadda yake, a kuma karanta shi da lasifika ranar kasuwa, tana mai cewa wanda ya auna wa duniya da mudu mai bugaggen gindi, ranar da ya zo saye da shi za a auna masa. Ta haɗa da dalili: murhun na shayi ne da taliyar yara, tukunyar tuwon gida mai mutum goma sha ba ta zama a kai, muciya ɗaya sai ya kife. Masu shirin ba su gudu ba. Sun dawo da babban murhu mai faɗin gindi, wanda yau mata ke kira Furera.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga maigidanta, Alhaji Hashimu Balarabe, da 'ya'yanta Malam Abdulkabir da Malama Sadiya, da jikoki da ɗaukacin matan yankin. Allah Ya jiƙanta, Ya sa kabarinta ya zama dausayin Aljanna, Ya ba iyali haƙurin jure wannan babban rashi, mu kuma Ya kyautata namu zuwan.

Daga ƙarshe, masu tantance lissafin murhunan za su dawo bayan kaka, kuma mun ji ana raɗe-raɗin cewa tunda yatsan ya kwanta, mudu zai koma gidan jiya. To, a sha kurumi. Da amincewar iyali, abincin sadakar bakwai a ƙofar gidan marigayiya za a dafa shi, kuma kowace mamba da murhunta za ta zo. Wadda nata ya yi baƙi, ga tukunya. Wadda nata ke sheƙi, ba mai ce mata uffan. Ta dai zo da shi, ta hura masa wutar farko saboda Hajiya.

Alhaji Nababa Ikrima Ɗanbatta
Kakakin Ƙungiya