Ba Yahaya Ba Ne, Yohanna Ne

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, cikin sunan Ubangiji. Shekara huɗu ke nan da muka kai ki makwancinki a Bunkure, amma har yau in abu ya same ni, ke nake fara tunawa. Na zo miki da labari. Rabinsa abin kunya ne, ki daure ki ji shi har ƙarshe.

Bayan rasuwarki da shekara guda aka ɗauke ni aikin kula da ruwan kanal, wato magudanar ruwan noman rani, a wani ƙauye ta wajen Kura. Ni ke buɗe ƙofar ruwa, ni ke rufewa, kowane ɓangaren gonaki da ranarsa. Ranar da na fara zuwa, shugaban manoman, wani dattijo mai suna Alhaji Garba, ya tambayi sunana. Na ce Yohanna. Kunnensa ya yi nauyi, sai ya juya wa jama'a ya ce, "Ga Malam Yahaya an kawo mana." Mama, na ji sarai. Na yi murmushi, na yi shiru.

Na ce a raina gobe zan gyara. Goben nan ta kai shekara uku.

Ba wanda ya tsorata ni. Ni na tsorata kaina. Ina ganin in suka san ni Kirista ne, kuma ɗan 'yan ci-rani, duk ranar da ruwa ya yi ƙasa za a ce da gangan na yi. Hausata ta Kano ce tsaf, tunda a nan kika haife ni, sai na fake a bayanta. Da an kira sallar azahar sai in hau babur in ce zan duba ƙofar ruwa ta sama. Da azumi, a bayan ɗakin injin ruwa nake laɓewa in ci burodi. Ranar Lahadi kuwa in zan je coci, kullum sai in ce "zan shiga birni."

Ke ba haka kika yi ba. Ina tuna ki a fadama lokacin dashen shinkafa, ruwa har ƙwauri, kina rera waƙoƙin coci, matan garin suna yi miki amshi da dariya duk da ba su san baitin ba. Kin sha gaya mini cewa kayan aro ba ya rufe katara. Na haddace karin maganar, ban yi aiki da ita ba.

Kuma wanda ya saba ɓoye abu ɗaya, bakinsa yakan mutu a kan sauran. Tun bara na lura ciyawar kacalla da laka suna cinye kanal ɗin da ke kai ruwa gonakin ƙarshe. Ya kamata in tara manoma in faɗa, in kuma matsa wa na sama da ni. Ban yi ba. Ba na son a zuba mini ido.

A ranin bana abin ya fashe. Tumatirin mutanen ƙarshen kanal ya fara yaushi yana tsaka da fure. Wani manomi, Malam Sani, wanda gonarsa ce ta ƙarshe, ya kai ƙara cewa ina rufe ƙofa da wuri don in fifita masu manyan gonaki na sama. Aka tara mutane a gindin mangwaron ƙofar gidan Alhaji Garba bayan la'asar. Na ce ban taɓa rage musu ko awa guda ba. Malam Sani ya ce in haka ne, in yi alwala, a ɗauko Alƙur'ani in dafa.

Har an tashi wani ya ɗauko buta.

Hanya biyu ce: in taɓa littafin da mutanen nan suke girmamawa da hannun yaudara, ko in faɗi gaskiya. Na miƙe, na ce, "Ku gafarce ni, ba zan dafa ba. Ni Kirista ne. Sunana Yohanna, ba Yahaya ba."

Sai Malam Sani ya ce, "To, wanda ya ɓoye sunansa shekara uku, ruwa ne ba zai ɓoye ba?"

Maganar ta soke ni, don tana da hujja. Ban kare kaina ba. Na ce su biyo ni su gani da idonsu. Muka bi gefen kanal a ƙafa, mu kusan ashirin, har inda kacalla ta toshe shi, ruwa ya tsaya ya yi kore, kaɗan ne ke tsiyaya. Na ce musu tun bara na gani na yi shiru, wannan laifin nawa ne, na ɗauka.

A hanyar dawowa Alhaji Garba ya riƙe hannuna, ya bari mutane suka yi gaba. Ya ce, "Ɗana, addininka tsakaninka da Mahaliccinka ne. Abin da ya ƙona mini rai, shekara uku kana cin abinci a ɓoye a garinmu kamar ɓarawo. Me muka yi maka da ka yanke mana hukunci tun ba ka san mu ba?"

Mama, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Ina zaton kaina nake karewa, ashe su nake zalunta.

Washegari muka shiga kanal da lauje da shebur. Kwana biyar muna yi, ni ma cikin laka har ƙugu. Ruwa ya isa gonakin ƙarshe, amma rabin tumatirin Malam Sani ya riga ya tafi. Har yanzu da ƙyar yake amsa gaisuwata. Akwai mutum biyu da suka daina miƙo mini hannu. Ba zan ce miki komai ya yi daidai ba.

Amma na daina gudu. Yanzu in an kira salla ina zama a inuwa in tsare musu kayan aiki har su idar. A ofis na miƙe a gaban shugabanmu na ce sauran kanal ɗin ma suna buƙatar yashe kafin rani mai zuwa. Ya ɓata rai, ya ce tun yaushe na iya magana. Zan sake faɗa a zama na gaba, da wanda ke bayansa, har sai an yi. Malam Sani kuwa, kowace safiya zan bi ta gonarsa in gaishe shi, ko ya amsa ko bai amsa ba. Bana zan taya shi dashe da hannuna.

Mamana, ki yafe mini. Na yi kewarki, na yi kewar yadda kike jan sunana tun daga bakin ƙofa in na daɗe a waje.

Ubangiji ya ba ki hutawa cikin salamarsa. Ya albarkaci mutanen garin nan da gonakinsu, ya mayar wa Malam Sani abin da ya rasa, ni kuma ya ƙarfafa mini gwiwa kada in sake sunkuyar da kai. Sai mun sadu.

Ɗanki,
Yohanna