Na ce wa Baffa sabis ne

Laraba da dare, Makarfi

Na kasa barci. Ranar da na je Zariya sayen na'urar intanet, mai shago ya tambaye ni mu nawa ne a gida, don ya san ƙarfin da zai ishe mu. Na ce mu huɗu, ya ba ni ƙarama. Sai ka ce ban san gidanmu na gandu ba ne. Wa zan hana lambar sirri a gidan nan? Kafin sati, waya ta kowane sashe ta hau.

Gobe matata Hadiza za ta yi intabiyun aiki ta bidiyo. Da muka gwada da rana, hoto ya daskare, ta juya ta kalle ni. Sai na canza lambar a ɓoye.

Bayan la'asar Baffa, yayan mahaifina, ya tako har ƙofata da wayarsa. "Ɗana, duba min, karatun Malam ya ƙi buɗewa."

Na jujjuya wayar, na ce, "Baffa, sabis ne yau babu."

Ya ce in yi haƙuri ya dame ni. Har albarka ya sa min kafin ya juya.